Gurmin da na ɓoye cikin buhu

A unguwar Birni ta Damagaram aka haife ni, can bayan fadar Sarki inda lunguna suke a matse har mai kura ba ya shiga sai da dabara. Babana tela ne. A danginsu babu makaɗi ko na magani, kuma da alfahari yake faɗin haka. Ta wajen uwa kiɗa ya shigo mini. Yayan Innata, wanda gida duka muke ce wa Kawu, makaɗin ƴan kokowa ne, da gurmi yake cin abinci. Da an gama girbi an ɗaure dammunan hatsi, sai ya saɓa gurminsa ya bi filaye, yau Mirya, gobe Matamaye, jibi Magarya, wani lokaci har ya ƙetara iyaka zuwa ƙauyukan Daura. Tun ina shekara 9 nake riƙe masa jaka in an yi hutun lakwal.

Wanda bai san gurmi ba zai raina shi. Ƴar ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya ta bi ta kan jaki, wato ɗan abin da ke tallafe ta a kan fatar. Kawu ya ce a zamaninsu da izgar doki suke murza tsirkiya, yanzu kowa ya koma zaren kamun kifi. Ba shi da kunnuwan murɗawa irin na jita. Da siririyar fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sanda, ka ja sama ko ƙasa har kunnenka ya ce ya yi. Da damina fatar takan sha sanyi ta saki, murya ta dushe. Sai in ga Kawu ya jawo murhun shayi, ya kara fuskar gurmin nesa kaɗan da garwashi, yana juya ta yana ƙwanƙwasawa da farce har ta ɗaure tam. Na ga wannan ya fi sau ɗari, ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba.

Ranar da Baba ya same ni a zaure ina kaɗawa bai dake ni ba. Tsayawa ya yi da tef ɗin awo a wuya ya ce, "Maroƙi za ka zama ke nan? In tashi aurar da ƙannenka a ce yayansu na bin mutane da kirari?" Inna tana ji daga ɗaki, ba ta ce uffan ba, alhali ɗan'uwanta ake zagi a fakaice. Maganar ta zauna mini a rai. Abokai kuma suka ƙarasa aikin. Lokacin rap ya cika gari, situdiyon fiyano ta buɗe a kowace unguwa, kowa so yake ya yi irin waƙar finafinan Kano. Mai gurmi ɗan ƙauye ne, shi ke nan. Na ci jarrabawar BEPC ta gama kwaleji, karatu ya tsaya nan saboda rashin hali, na koyi jita wajen wani maƙwabci, na ce ni zamani zan bi.

A 2015 na hau motar Yamai. Tafiyar kilomita wajen 900 ce, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, a bar gari da asuba a isa da dare. Kawu ya zo tasha ya miƙo mini gurmi, ɗaya daga cikin biyun da yake da su. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, amma kafin in shiga mota na cusa shi cikin buhun shinkafa tare da tufafina, don kada ƴan matan da ke kujerar baya su gani. Jitar kuwa a cinya na rungume ta har Yamai. Kawu yana tsaye, bai ce komai ba.

A Yamai da rana ina rumfar cajin waya, da dare ina kaɗa jita a bukukuwan aure. Wani abokin sana'a ya kai ni CFPM, cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya da aka buɗe a 1989. A nan na fara ganin kayan kiɗan gargajiya an jera su a ɗaki ana nuna wa baƙi, har da irin wanda ke buhuna. A nan kuma na ji labarin Malam Mamman Barka. Ɗan jiharmu ne, daga Tasker, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wajen wani dattijo ɗan ƙabilar Buduma, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale wanda ya kusa ɓacewa daga duniya. Daga baya biram ɗin ya kai shi har bikin kiɗa na WOMAD a Ingila. Abin da kunnena ya ɗauka a labarin shi ne jirgin sama da Ingila. Zaman da ya yi gaban tsoho yana koyo, wannan ya wuce ni.

Haɗuwata ta farko da baƙo ba ta yi daɗi ba, kuma zan faɗe ta saboda yara masu tasowa. Wani mutum ya zo daga Turai da na'urar ɗaukar sauti yana zagaya gari, wai sautin asali yake nema. Aka tsegunta masa ina da gurmi. Ya ɗauke ni awa 2 a ɗakin otal, ya ba ni jika 50 na sefa da takarda shafi 3 da Ingilishi. Ni Faransanci na yi a lakwal. Na sa hannu ina jin na tsinci dami a kala. Bayan shekara guda wani ɗalibi ya nuna mini kiɗan a intanet, an ɗora masa gangar kwamfuta, a wurin sunan mai shi an rubuta wai na gargajiya ne. Taken wani ɗan kokowar Mirya ne, Kawu ya yi shi da hannunsa ina zaune kusa da shi. Na sayar da abin da ba nawa ba a kan kuɗin buhun shinkafa biyu.

Bayan wannan na shiga bita iri-iri. Wasu kam ɓata lokaci ne. Kwana 3, a raba riguna, a yi hoto da manyan baƙi, baƙon ya koya muku abin da ya tsaro tun daga gida bai tambayi me kuka iya ba, rahoto ya tafi inda za shi, kai ka koma rumfar caji. Ban ce babu alheri a ciki ba, kuɗin motar da ake bayarwa ya sha ciyar da ni. A nan ne ma na san akwai wata duniya ta neman gurbi: kasuwannin baje kolin masu fasaha irin MASA ta Abidjan da ake yi tun 1993 da Visa For Music ta Rabat tun 2014, shirin OneBeat na Amurka da a lokacin yake tara makaɗa ƴan shekara 19 zuwa 35 su zauna tare su yi aiki. Na cika fom ya fi 10 a wurare daban-daban, kowanne da bidiyona na jita, na sha kwalliya. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Bidiyon da ya sa aka ɗauke ni kuwa da wasa aka yi shi. Wani dare an ɗauke wuta, zafin Yamai ya hana barci, na zaro gurmin ina rage dare a ƙofar ɗaki. Abokin kwanana ya ɗauka da waya, fitilar mai shayi ce ta haska mu. Shi ya matsa in tura wannan. Bayan wata 2 saƙo ya zo: zaman mako 3 a Sawira ta Maroko, makaɗa 9 daga ƙasashe 6, tikiti da masauki da abinci duk a kansu, da ɗan alawus. A ƙasan saƙon aka rubuta cewa in zo da abin nan da ke cikin bidiyon.

A watan Yunin 2018 na hau jirgi karo na farko, Yamai zuwa Kasablanka, daga nan mota. Sawira, wadda Turawa ke rubutawa Essaouira, gari ne mai ganuwa a bakin teku, iska ba ta hutawa, ko'ina warin kifi da kukan tsuntsaye. Tun 1998 ake babban bikin kiɗan Gnawa, na jikokin bayi baƙar fata na Maroko, a can. Mu dai ba a babban dandali muka yi wasa ba, kada in yi ƙarya. Wani tsohon gida mai tsakar gida aka kama mana.

Kwanakin farko azaba ce. Mai ganga Bajamushe ne, mutumin kirki, amma ƙidaya yake yi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Aka sa mini abin kunne yana ƙas-ƙas don mu tafi daidai. Kiɗan kokowa kuwa ƙafar ɗan kokowa yake bi. Yakan yi sanyi in yana zagaya fili yana kirari, ya yi zafi in an kama. Duk inda na fara jin daɗin hannuna, nan ake tsayar da ni a ce na fita. Rana ta uku na cire abin kunnen na ajiye. Da guntun Faransancinsa da nawa na ce ya bar ƙidaya, ya tashi ya bi ni. Na duƙa, na buɗe hannuwa, na zagaya tsakar gidan kamar mai neman abokin karo. Dogon mutum ya biyo bayana yana tangaɗi, kowa na dariya, har mai dafa mana abinci ta leƙo da ludayi a hannu. Da ya koma kan gangunansa sai ga shi ya samu wurin. Ya ce ashe uku ce ke tafiya a kan biyu. Na ce ban sani ba, ni dai haka Kawu yake yi. Matar da ke kula da shirin ba ta sa baki ba. Ta tashi ta kashe na'urar, ba a sake kunna ta ba har muka watse.

Iskar teku kuma ta yi wa gurmina illa. Fata ta saki, in na kaɗa kamar ana dukan katifa. Safiya ta biyar ina zaune ina jan tsirkiya a banza, sai dattijon da ke cikinmu ya miƙo hannu. Makaɗin Gnawa ne, irin waɗanda suke ce wa ma'allam, malam ke nan. Ban so ba shi ba, amma tsoho ne. Ya kira yaronsa ya kawo kaskon garwashin da suke ƙona turare. Ya kara fuskar gurmin nesa kaɗan da wuta, yana juyawa, yana ƙwanƙwasawa da farce, kai a karkace yana saurare. Hannun Kawu sak. Tsigar jikina ta tashi. Ya miƙo mini ya ce in gwada, murya ta dawo.

Daga nan na liƙe masa. Abin kiɗansa gimbiri ne, jikin itace, fatar wuyan raƙumi, tsirkiya 3 ta hanjin akuya, nasa ma da fata aka ɗaure su a sanda. Yaransa suna kaɗa ƙarafa a hannu da suke kira ƙaraƙib, mu sambani muke ce musu. Babbar gangarsu kuwa ganga suke ce mata, da wannan sunan namu. Kakanninsu bayi ne da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashen baƙar fata, kuma cikin waƙoƙin da suke yi a zamansu na dare akwai sashen da suke jinginawa ga Hausawa. Ni ba ɗan bori ba ne, a gidanmu ma ba a son zancen, amma wanda ya tashi a Damagaram in ya ga turaren nan da launukan tufafi da yadda ake kiran kowa da takensa, ba sai an gaya masa dangin abin ba. Dattijon ya rera mini wani yanki a hankali, ya ce ta bakin tafinta in gaya masa ma'ana, shi haka ya gada, bai san me yake cewa ba. Kalmomin sun side kamar tsohuwar dala. Na tsinci biyu ko uku da suka yi kama da namu, sauran sun fi ƙarfina, kuma ban yi masa ƙari ba.

Sai ya ce to in yi masa na wurinmu, tsofaffin, waɗanda malamina ya karɓa daga malaminsa. Na yi ɗaya. Na yi na biyu. Na uku na kai rabi amshi ya ɓace mini. Ya jira. Ya ce, "Sai kuma?" Babu sai kuma. Ga mutumin da aka raba kakanninsa da ƙasarsu ɗaruruwan shekaru, yana riƙe da waƙoƙin dare guda cur har da waɗanda ba ya jin harshensu. Ga ni, ina jin harshen, mai waƙar na bayan gidanmu, biyu da rabi gare ni. Ya tambaya ko malamina na da rai. Na ce yana nan. Ya ce, "To me kake nema a nan, ɗana?" Da murmushi ya faɗa, amma daren ban runtsa ba.

Mako na uku aka kawo wata mata daga Senegal mai kula da harkar mawaƙa, ta zauna da mu a kan takarda. Mun ɗauki kiɗa 5, biyu daga ciki a kan taken Kawu aka gina su. Ta ce ba za a rubuta na gargajiya ba tunda mai shi na da rai da suna. Ta sa na kira gida aka karanto mini cikakken sunansa daga katin ɗan ƙasa, aka rubuta shi a matsayin mawallafi, aka yanka masa kasonsa a gaban kowa. Na ba ta labarin jika 50 ina jiran ta tausaya mini. Ba ta tausaya ba. Ta ce takardar da ba ka ji ba ka nemi mai karanta maka, wanda ya ce ka sa hannu yau-yau ka ce masa gobe. Ranar rabuwa aka ba kowannenmu ƙaramar na'urar ɗaukar sauti mai batir. Da na dawo na je BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, na yi rajistar abin da muka yi.

Ban wuce gida nan take ba. Na tsaya Yamai ina cin moriyar sunan wanda ya je waje, ana kirana biki ana ƙara mini kuɗi. A watan Nuwamban 2018 aka yi sanarwar rasuwar Malam Mamman Barka, Allah Ya jiƙansa. Sai a ranar na ji rabin labarinsa da ya wuce ni. Wata mai zuwa na hau motar Damagaram, gurmin a cinya.

Na sami Kawu a zaure yana gyaran tabarma. Muka gaisa, ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ka fito da shi daga buhun ke nan?" Shekara uku da rabi yana ajiye da maganar. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, koyo na zo." Ya ce koyo ba a tsaye ake yi ba. Na zauna.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kawu ba ya waƙa don na'ura. In na kunna sai ya ce babu ɗan kokowa a gabansa, wa zai yi wa? Sai na koyi barinta a kunne ƙarƙashin hula, in ja shi da hira, in tambaye shi wane ne ya kayar da wane a shekarar fari, sai hannu ya tafi da kansa. Daga baya na faɗa masa, ya ce ya sani. Yanzu ina da take 43, kowanne da sunan wanda aka yi wa, garinsu, da wanda Kawu ya karɓa daga wajensa in ba nasa ba ne. Na iya 19 da hannuna yadda ba zai girgiza kai ba.

A 2019 aka gayyaci rukuninmu wasa 4 a Turai. Na koma Yamai, na tara takardu, inshora, hotuna, wasiƙar gayyata mai hatimi, na biya Yuro 60, kusan jika 40, a wani ofishin jakadanci. Amsa ta zo a takarda guda: ba su gamsu cewa zan dawo ba. Ba ni da mata, ba ni da albashi, ba ni da ajiya a banki, kuma a fom ɗin babu wurin da mutum zai rubuta cewa tsohonsa na jiransa da sauran take 24. Kuɗin ba a mayarwa. Abokan suka yi wasan, suka sa muryar gurmina ta lasifika, suka turo mini hoton kujerar da aka bar mini. Da kyakkyawar niyya suka yi, amma na fi mako ban buɗe hoton ba. Ana ce wa abin musanya, to su in sun tashi zuwa wajenmu jaka kawai suke ɗaurawa.

Korona ta zo a 2020 ta rufe wa kowa hanya, da mai biza da marar biza. A lokacin ne aikin ya koma WhatsApp. In ɗauki gurmi a ɗaki in rufe taga da bargo saboda kukan awaki, in tura, Bajamushen ya ɗora ganga ya turo, ɗan Mali mai kaɗa kora, abin kiɗansu mai tsirkiya da yawa, ya ƙara nasa. A shekarar ne kuma kason Kawu na farko ya iso. Ba yawa gare shi ba, tunkiya ya saya. Amma takardar da ta zo da kuɗin, mai sunansa a rubuce, ya sa Inna ta kai wa Baba ya gani. Baba ya karanta ya ajiye, bai yi magana ba. Bayan kwana biyu na tarar da jaka a kan katifata, ta yadin kaki mai kauri, da soso a ciki da maɗauri, an yanka ta daidai tsawon gurmin. Ban san lokacin da ya auna ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka da Faransa ta lalace. A Satumba aka aika wa gidajen wasa na can umarnin dakatar da aiki da masu fasahar Nijar, Mali da Burkina Faso. Masu fasahar Faransa suka yi ca, hukuma ta sassauta lafazi, amma maganar biza ta tsaya cik. Ni ba ni da tafiya a lokacin, na dai ga yara da yawa da suka saba jiran wannan ƙofa sun rasa inda za su dosa. Rukuninmu na waya bai tsaya ba, tunda ba ta ofishin kowa yake bi ba.

Yanzu Asabar da Lahadi yara 7 ke zuwa zauren Kawu, biyu mata. Shi ke koyarwa, ni ke ɗauka da rubutawa, kuma duk abin da ya shigo daga waje kason mai koyarwa ake fara cirewa. Wanda ya fi su hannu yaro ne ɗan shekara 16 da bai taɓa shiga lakwal ba. Ba ya jin Faransanci balle Ingilishi, takardar haihuwa ma ba shi da ita. Duk fom ɗin da na taɓa cikawa babu wanda zai iya kaiwa layi na biyu, alhali ya fi ni nesa ba kusa ba. Da takardar haihuwar muka fara, mun je kotu sau biyu.

Watannin baya dattijon Sawira ya ɗora gimbirinsa a kan wani tsohon take da Kawu ya karɓa daga malaminsa, yaronsa ya turo. Na sa wayar cikin ƙwarya don murya ta fito, na kunna wa Kawu bayan la'asar. Ya saurara har ƙarshe ya ce in sake. Ya tambaya wane ne, na ce mutumin Marokon da na ba ku labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya iya. Amma ka gaya masa yana gaggawa a wajen da ɗan kokowa ke durƙusawa ya ɗebi ƙasa. Ya jira shi ya miƙe." Na rasa yadda zan faɗa wa tsoho haka, sai na ɗauki muryar Kawu na tura, na fassara a ƙasa. Bayan kwana 4 sabon ɗauka ya iso, ya jira a wurin. Kawu ya ce yanzu ya wuce da jiran kaɗan, a sake tura masa.